Kaset goma sha ɗaya na Kawu: wa ya tuna Top of the Pops?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na je Zariya gaida Hajiya, ta ce in shiga ɗakin ajiya in fitar da tarkace kafin damina ta sauka. Can bayan wata tsohuwar akwatin ƙarfe na ci karo da kwali ɗaure da igiya. Kaset ɗin bidiyo ne guda goma sha ɗaya, kowanne da rubutun Kawuna, Allah ya jiƙansa, a farar takardar gefe: kwanan wata, sai TOTP da jan biro.

Kawu ya yi karatu a Manchester daga 1991 zuwa 1996. Duk daren Alhamis da ƙarfe bakwai BBC na nuna Top of the Pops, shirin rabin awa da ake kawo mawaƙan da faifansu ya fi ciniki a Birtaniya a wannan makon, a ƙirgo su daga ƙasa har a zo kan na ɗaya. Shi kuwa sai ya danna ɗauka. Kaset mai awa uku yana cin shiri shida. In ya cika sai ya jira mai zuwa gida ya ba shi saƙo, tare da wasiƙar Hajiya. Wani lokaci wata biyu, wani lokaci wata huɗu kafin ya iso. Ranar da ya iso kuwa falonmu ba ya ɗaukar mutane, yaran layi har bakin taga.

Tun da na dawo nake bin tsofaffin shirye-shiryen a YouTube, kuma wani abu ya tsaya min a rai. Waƙoƙin ne suka fi na yanzu daɗi, ko jiran da muke yi da zaman tare ne ya sa musu gishiri? Ni dai na fi karkata ga na biyun. Ina son jin ta bakin waɗanda suka ga zamanin.

Anti Rabi, Leeds:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham, yau ka tono min abin da na daɗe da binnewa. Na zo ƙasar nan a 1989 ina amarya, ban san kowa ba, maigida yana fita tun asuba. Daren Alhamis shi ne daren da nake jin ina cikin mutane, don na san duk gidan da ke layinmu abin da suke kallo ke nan. Washegari a tashar bas, a shago, a bakin makarantar yara, hirar ke nan. Da ita na fara samun abin cewa da maƙwabciyata.

Amma ban yarda waƙoƙin ba su da nasu ƙarfin ba. A 1991 Bryan Adams ya yi mako 16 a jere yana na ɗaya, tun Yuli har ƙarshen Oktoba. Na yi laulayin ɗana na fari da waƙar nan, na warke, tana nan ba ta motsa ba. Whitney Houston ta yi mako 10 daga ƙarshen 1992. Muryar matar nan ba ta bukatar kowa ya taya ta da jira.

Ɗan Fagge:
Anti, a yi haƙuri in sa baki. Ni ma na kalli irin kaset ɗin nan a gidan abokina, kuma na so shi. Amma mu faɗi gaskiya, rabin abin da muke kallo ba waƙa ake yi ba, mamin ne. Faifai ke tashi, mawaƙi na bin sa da baki, mai jita na kaɗa jitar da ba a ma jona ta da komai ba. 'Yan ƙungiyar mawaƙa ta Oasis sun taɓa nuna wa duniya hakan ƙarara a 1995: wa da ƙani suka yi musanyar matsayi, mai jita ya kama makirufo, mawaƙin ya rungumi jita, kuma sauti bai canza ba ko kaɗan.

Sannan shi kansa jadawalin cinikin waƙoƙin, a shekarun 1990 kasuwanci ya riga ya cinye shi. Kamfani zai ba gidajen rediyo waƙa makonni kafin ta shiga shago, a tara wa mutane ƙishirwa. Makon farko a karya farashi, a fitar da CD kala biyu na waƙa ɗaya don masoyi ya sayi duka. Sai ka ga waƙa ta faɗo kai tsaye a na ɗaya, mako mai zuwa ta gangara. A shekarar 2000 waƙoƙi sama da 40 ne suka hau na ɗaya. Ina darajar kujerar da kusan kowane mako sai an sauya mai zama?

Ummi:
Don Allah ku yi min bayani, ni a 2001 aka haife ni. Wa ke zaɓen na ɗayan? Alƙalai ne ko ƙuri'a ake jefawa?

Anti Rabi, Leeds:
Ba alƙali, 'yata. Ciniki ne. A lokacin ana tattara lissafin faifai da kaset da CD da aka sayar a shagunan ƙasar cikin mako, ranar Lahadi da yamma tashar Radio 1 ta BBC ta karanto guda arba'in na sama. Ranar Alhamis sai talabijin ta nuna maka fuskokinsu. Dokar shirin tun asali ita ce ba a kawo waƙar da ke gangarowa ƙasa, sai mai hawa ko sabuwar shiga, kuma ta ɗaya ita ke rufe shiri ko ta shekara a wurin. Kuɗin aljihunki shi ne ƙuri'arki. Na taɓa tafiya a ƙasa cikin sanyi har tsakiyar gari don in sayi kaset mai waƙa biyu kacal.

Ɗan Fagge, kan mamin kana da gaskiya amma ba duka ba. A watan Oktoban 1991 sun sauya tsari, suka ce dole mawaƙi ya rera da bakinsa ko da kiɗan na faifai ne. A nan aka gane masu murya da waɗanda injin situdiyo ya rufa wa asiri. Bayan 'yan shekaru aka sassauta.

Ɗan Fagge:
Na yarda, Anti. Kuma kin ƙara min hujja kan maganar Baban Ilham: ku da ke can tun Lahadi kun san na ɗaya. To ina jiran yake?

Baban Ilham:
Su sun sani, mu ba mu sani ba, Ɗan Fagge. Bari in ba ka labarin kaset guda, yana gabana yanzu haka. A jikinsa Kawu ya rubuta 17 ga Agusta zuwa 21 ga Satumba 1995.

Farkonsa rigimar ƙungiyoyin Blur da Oasis ce kan wa zai hau na ɗaya, wadda aka ce har labaran ƙasa ta shiga a Ingila. Mu a Zariya ba ta dame mu ba. Masu jita duk tura su gaba muke yi, ƙanena Nura ne mai riƙe da rimot. Abin da muke jira shi ne Michael Jackson, kuma a shiri na huɗu ya hau na ɗaya, falo ya kaure da ihu har Hajiya ta leƙo daga kicin. Shiri na biyar yana nan. Shiri na shida, an zo daidai inda za a fara ƙirga goman ƙarshe, sai hoto ya tsaya, bidiyo ya yi ƙara, ya fara mayar da kaset baya da kansa. Zare ya ƙare. Kawu yakan danna ɗauka da wuri don kada farko ya wuce shi, to 'yan mintocin nan ne suka taru suka cinye ƙarshen.

Nura ya rantse Michael ya yi mako na uku. Ni na ce an ture shi. Yaran layi suka rabu biyu. Muka yi ta wannan musu a hanyar makaranta, a wajen ɗiban ruwa, a filin ƙwallo, har kusan wata uku. Kaset na gaba da ya zo bai raba gardama ba, don wani ne daban a sama. Sai da na rubuta wa Kawu wasiƙa, na manna kan sarki, na kai gidan waya da kaina. Amsarsa ta zo a ƙasan wasiƙar Hajiya, layi ɗaya: a gaya wa yara Shaggy ne, mako ɗaya ya yi. Hajiya ta karanto mana ba ta ma san me ake nufi ba.

Yau ɗiyata za ta samo wannan amsa kafin in rufe baki. Ban ce hakan laifi ba ne. Amma wata ukun nan ni da Nura ba mu taɓa yin hira mai yawa kamarsa ba, kafinsa ko bayansa.

Mamman na Maradi:
Salamu alaikum. Baban Ilham, labarinka ya taɓa ni, don mu ma haka muka yi, sai dai namu daga Faransa yake zuwa. Wana yana karatu a Liyon, yana aiko muna da Top 50 na Canal+, wanda aka fara a 1984, daga baya kuma Hit Machine na M6. Abin da ba ni mancewa: na ɗauki kaset guda na kai wa 'yan uwanmu a Katsina ina ta zumuɗi, muka sa a bidiyonsu, hoto ya fito baƙi da fari. Muka yi ta murɗe-murɗe a banza. Daga baya wani mai gyara ya gaya muna cewa Faransa da Nijar tsarin talabijin na SECAM suke bi, Nijeriya da Ingila kuma PAL. Iyaka ce tsakanin Maradi da Katsina wadda ba a gani sai a cikin tele.

Ni abin da ya riƙe ni a shirye-shiryen nan shi ne ganin namu a ciki. A 1994 Youssou N'Dour da Neneh Cherry sun yi mako 16 suna na ɗaya a Faransa. Mutumin Dakar, yana waƙa da Wolof, kuma Turawa na fitar da kuɗinsu suna saye. Mahaifina ba ya kallon waƙa, amma ranar nan ya tsaya a bakin ƙofa har ta ƙare.

Anti Rabi, Leeds:
Malam Mamman, a nan ma waƙar ta kai ta uku. Kuma kafin su akwai Seal, wanda mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce, muryarsa ce a waƙar da ta yi ta ɗaya a 1990. Sai Dr Alban a 1992, ɗan jihar Imo da ya je Suwidin karatun likitan haƙori, ya kai na biyu. Wallahi ranar da maƙwabciyata ta tambaye ni ko gaske ne ɗan ƙasarmu ne, tafiyata ma sai da ta canza. A lokacin in an ambaci Nijeriya a labaran nan, ko soja ne ko rikici.

Akwai kuma wadda za ta ba 'yan Kano sha'awa. A Fabrairun 1998 wata ƙungiya mai suna Cornershop ta hau na ɗaya da waƙar yabon Asha Bhosle. Turawan wurin aikina ba su san ko wace ce ba. Ni da na tashi da fina-finan Indiya a Kano, ni na zauna ina yi musu bayani.

Ɗan Fagge:
To ai Asha Bhosle ta kawo mu gida. Ita ke rerawa a bayan fage, jaruma na motsa baki a gaban kyamara, kuma daga can 'yan fim ɗinmu suka ɗauko. Ban taɓa jin haushin mamin a fim ba, don kowa ya san yarjejeniyar. Abin da ke ci min rai shi ne a tsaya a dandamali a gaban mutane a nuna kamar yanzu ake yi. Kun manta Milli Vanilli? A 1990 aka karɓe kyautar Grammy da aka ba su, da ta tabbata ba muryarsu ba ce a faifan ma gaba ɗaya. Ina da hotonsu manne a bangon ɗakina a lokacin. Da hannuna na cire shi, kuma na ji ciwon abin sosai.

Malam Habu:
Assalamu alaikum. Na girme yawancinku, kuma ban kalli wannan shiri ba sai jefi-jefi a gidan wani aminina malamin jami'a. Ina da magana biyu.

Ta farko, kuna ta yabon jadawalin ciniki, ni kuwa Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya fi kwanta min. A can ana ƙirga kuɗi ne, a nan ana kiran sunan mutum. Ka sayi kati, ka rubuta gaisuwa ga iyaye da abokai da mutanen garinku, ka aika, ka kasa kunne mako da makonni. Ranar da aka karanto sunanka, kai da rediyon sai ka zagaya unguwa. Jira dai shi ne jiran da Baban Ilham ke faɗa, amma a ƙarshensa zumunci ne, ba wanda ya fi wani ciniki.

Ta biyu, kada daɗin tuna baya ya rufe mana ido. Akwai shigar da ake yi a shirin nan da ba za ka so ka zauna da 'ya'yanka kana kallo ba, kuma iyayenmu da suka riƙa kashe talabijin ba jahilci ne ya sa su ba. Abin da ya fi wannan muni, mutumin da ya gabatar da shirin farko a ranar 1 ga Janairun 1964, Jimmy Savile, bayan mutuwarsa a 2011 ta bayyana ya shafe shekaru yana cin zarafin yara da 'yan mata, kuma binciken da aka fitar a 2016 ya nuna wasu abubuwan a kewayen wannan shiri suka faru. Yaran da ke rawa a gaban kyamara 'ya'yan wasu ne.

Anti Rabi, Leeds:
Gaskiya ka faɗa, Malam, Allah ya saka da alheri. Lokacin da maganar ta fito a 2012 na yi kwanaki jikina a sanyaye. BBC Four na maimaita tsofaffin shirye-shiryen tun 2011, sun faro daga na 1976 suna bi a jere, kuma tun 2012 duk wanda shi ya gabatar tsallake shi suke yi. A shekarun da muke magana a kansu ya riga ya bar gabatarwa, amma shi aka dawo da shi ya rufe shirin ƙarshe a 2006. Ba na iya kallon wannan ƙarshen yanzu.

Kan shiga kuma, ni ma rimot na hannuna yake in yara na zaune. Hajiyar Baban Ilham ma na tabbata ba leƙowar banza take yi daga kicin ba.

Baban Ilham:
Kamar kina gidan, Anti. In ta ce a wuce wannan, Nura bai isa ya yi musu ba. Kuma da an kira magariba ko isha'i kashewa ake yi, ko ana tsakiyar ta ɗaya.

Malam Habu, na karɓi gyara. Ban kawo maganar don in wanke shirin ba. Kuma da ka ambaci Zaɓi Sonka sai na ga ashe abin da nake kewa ya fi kusa da naka fiye da na Ingila. Hannun Kawu nake gani a jikin kaset ɗin nan. Ɗalibi ne mai ƙaramin alawus a ƙasar sanyi, amma bai taɓa mantawa da daren Alhamis ba saboda yaran 'yar uwarsa.

Ummi:
Allah ya jiƙan Kawu. To me ya kashe shirin, tunda ana son sa haka?

Ɗan Fagge:
Amin. Abubuwa ne suka taru, ƙanwata. A 1996 aka ɗauke shi daga Alhamis aka kai Juma'a, aka kuma haɗa shi lokaci ɗaya da Coronation Street na ITV, wasan kwaikwayon da gidaje da yawa ba sa bari ya wuce su. Hirar safiyar Juma'a a makaranta da Anti ta ambata ta mutu ke nan, don washegari Asabar ce. Ga tashoshin tauraron ɗan adam irin su MTV suna zuba waƙa dare da rana, wa zai jira rabin awa a mako? Sai intanet ta zo ta ƙarasa. A 2005 aka mayar da shi BBC Two ranar Lahadi, a ranar 30 ga Yulin 2006 aka yi na ƙarshe, bayan shekara 42. Na Kirsimeti da na sabuwar shekara aka ci gaba da yi na wasu shekaru. Jadawalin yana nan har gobe, tun 2014 ma ana lissafawa da sauraron da ake yi ta intanet. Amma tambayi mutum goma a titi wace ce ta ɗaya a makon nan ki ji.

Baban Ilham, kan jira na sauko, labarin wasiƙar nan ya gama da ni. Kan jadawalin dai ina nan a kan bakana.

Injiniya Sale:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma Baban Ilham, don Allah kada ka sa kaset ɗin nan a bidiyo tukuna. Shekara kusan talatin a ɗakin ajiya, damina da rani. Ɗaga kowanne a haske ka duba ta ɗan gilashin. In ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce, ware shi daban, don zai ɓata kan bidiyon ya kuma shafa wa sauran. Masu tsabta kuma ka fara tura su gaba har ƙarshe, ka dawo da su farko, zaren ya saki jiki kafin ka kalla. Ka goge kan bidiyon da sifirit da takarda mai laushi, ba auduga ba, auduga na maƙalewa. Akwai ɗan na'urar da ake jona bidiyo da kwamfuta ta USB, da ita za ka kwashe.

Kuma ka tsaya a kai da kanka. Na taɓa kai kaset ɗin bikin iyayena wani shago a juye min, yaron shagon ya sa shi a injin da bai goge ba, ya tauna zaren tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Har yau ban gaya wa mahaifiyata ba.

Kada ka raina abin da ke hannunka. BBC da kanta ta goge yawancin shirye-shiryen shekarun 1960 don ta sake amfani da zaren. Zuwan Beatles situdiyon a 1966 ma ya tafi, sai a 2019 aka samo guntu marar sauti da wani ya ɗauka da kyamararsa daga fuskar talabijin a gida. Na shekarun 1990 suna nan a ajiye a wurinsu, amma ba su da irin naka mai guntun labarai a farko da rubutun Kawu a gefe. Ka ɗauki hoton takardun ma.

Mamman na Maradi:
Injiniya, namu na SECAM fa? Akwai huɗu a gidan wana a Yamai.

Injiniya Sale:
Sai ka nemi bidiyon da aka saya a Nijar, ko irin wanda ke karɓar kowane tsari, an fi samunsu wajen tsofaffin masu gyara. Ka tabbata ita ma na'urar kwamfutar tana karɓar SECAM, in ba haka ba baƙi da farin Katsina zai sake dawo maka.

Baban Ilham:
Na dawo da rahoto. Na bi yadda Injiniya ya ce. Uku sun yi fumfuna, na ware su. Na samo bidiyo aro wajen wani dattijo mai gyaran rediyo. Jiya bayan isha'i na sa na Satumbar 1995, na kira Nura a Abuja ta bidiyon waya, na juya masa fuskar talabijin. Hoton na rawa kaɗan daga sama, amma sauti garau. Ya tsaya a daidai inda ya tsaya a da, ana shirin ƙirga goman ƙarshe. Muka yi shiru mu biyu. Can Nura ya ce in tambayi Hajiya ko wasiƙar tana nan. Ta ce tana cikin jakar da take ajiye takardun gida, in na zo ranar Asabar za ta fito min da ita.

Anti Rabi, Leeds:
Allah ya kai mu Asabar. A gaida Hajiya da kyau. In kana da na watan Satumbar 1992 a cikin masu lafiyar, don Allah ka fara kwashe min shi, ina son in nuna wa jikokina Dr Alban.